Kwanon Wanda Bai Zo Ba

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ne Bitrus, Baban Godiya, mai ɗaure kaya a wani siton kago, inda ake tura kaya gida, a Al Warsan nan Dubai. Wanda bai san fuskata ba ya san tumbina, domin shi ke riga ni shiga ɗakin sujada.

Kun san al'adar zumuntarmu. In an tashi sujada ranar Lahadi aka zauna cin tuwo, Mama Rifkatu takan zuba kwano guda ta rufe, ta ce na wanda bai zo ba ne. Ita da Dattijo Ishaya su kai masa har ƙofa. A bara, kwanon nan ya fi direban bas sanin hanyar ɗakina a unguwar International City.

Na daina zuwa. Na ce zafin Dubai yana dafa ƙwai a aljihun mutum. Na ce aiki. Na ce ai ga wa'azi a waya, ina kwance sanyi na kaɗa ni. Gaskiya kuwa zuciyata ce ta yi sanyi, addu'a ta koma mini kamar ɗaukar kwantena a ka. In na ji ƙwanƙwasarsu sai in yi lamo. Su yi sallama su gaji, su yi gajeriyar addu'a a bakin ƙofa, su ajiye kwano su tafi, ni kuma in buɗe a hankali in jawo abina. Masu kawowa nake gudu, tuwo bai yi mini laifin komai ba.

Wata Lahadi da rana, abokan ɗakina duk sun tafi aiki, na miƙe zan ɗebi ruwa sai ɗaki ya juya. Na zube tsakanin gado da firiji. Hannun dama ya zama kamar na aro, ƙafa ta ƙi, baki ya karkace. Ga waya a kan gado, amma kamar tana Kafanchan. Na buɗe baki zan yi ihu, ni da ake jin muryata daga sito har bakin titi, babu abin da ya fito sai yawu.

Sai na ji ƙwanƙwasa.

"Baban Godiya, salama. Mun san kana ciki, ga takalmanka nan."

Muryar Dattijo ce. Na yi ta ƙoƙarin buga ƙafar gado da hannun hagu, ban kai ba. Ina ji yana ce wa Mama halin nawa ne, su ajiye kada bas ta wuce su. Ni na koya musu haka da kaina. Na ji addu'arsu, na ji ƙarar kwano a ƙasa, na ji takunsu yana nisa.

'Yan'uwa, ban taɓa sanin tsoro ba sai ranar. Na tuna matata Saratu da yara a gida. Cikin zuciya na ce, Yesu, na rufe wa mutanenka ƙofa, yau ba ni da hannun buɗewa. Ka yi mini jinƙai, ka komo da su.

Shiru. Numfashina yana ta gajarta.

Can sai na ji gudu a bene, da ƙarar makullai, mai gadin gidanmu yana ta "yalla, yalla", wato a yi sauri. Ƙofa ta buɗe. Halleluya!

A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya taɓa mini ɓarin jiki, da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Wato da ni ma an ɗora ni a sikeli an tura Najeriya a kago. Da bakina ya saki, na tambayi Mama me ya komo da su.

"Kai kana zaton tafiya nake yi?" in ji ta. "Kullum nakan laɓe a kwanar bene sai na ji ka jawo kwano, in ce mun gode Allah, yana da rai. Ranar na tsaya har ƙafata ta yi tsami. Na ce, Dattijo, mutumin nan zai iya gudun ikilisiya duka, amma tuwo da miyar kuka? Je ka kira mai gadi."

Na yi kuka kamar yaron goye. Duk watannin da nake ɓuya, ashe akwai mai tsayuwa domina.

Ku kuka riƙa zuwa bi da bi, wannan ya riƙe ni in koyi tafiya, wancan ya karanta mini Maganar Allah, har addu'a ta dawo bakina tare da magana. Ga hannun nan, ku gani, ya ɗagu! Likita ya rage mini gishiri da tuwo, wannan gicciyen kuma ina ɗauke da shi.

Na gode wa Ubangiji da ya cece ni ta hannunku. Ɗan'uwa, waya za ta yi maka wa'azi, amma ba za ta kira mai gadi ba. Ka dogara ga Yesu, ka zo cikin 'yan'uwa. In kuwa ka ƙi, yanzu ni ke ɗaukar kwanon, kuma na san kwanar benen nan. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.