Gayyar da Na Kira wa Injin Mota

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Salamarsa ta sauka a kowane gida da wannan shaida za ta shiga.

Ni ce Rifkatu, matar Bulus direba, muna zaune a unguwar Fegge, nan ƙasar Ibo, kusa da mayanka. In ba ku gane ni ba, ni ce mai zama can baya kusa da ƙofar majami'a da goyo, don in yaro ya yi kuka in fice kafin a waiwayo. To yau bakina ya buɗe! Ubangiji ya yi mini abin da cikina ba zai iya riƙewa ba.

Ni mai tsoro ce tun ina yarinya. In 'yata Talatu ta yi tari, na riga na hango asibiti. In maigida ya yi jinkiri a hanya, sai in tsaya bakin titi har ƙafata ta yi sanyi.

Bayan samun mulkin kai da kaɗan, Baban Talatu ya haɗa abin da ya tara a tuƙin motar mutane da rabonsa na cittar da aka sayar a gida, ya sayi ƙaramar motar kaya sabuwa fil a wani kamfanin Turawa. Yana ɗaukar albasa da barkono daga kasuwar Ose Okwodu zuwa Inugu. Kamfanin suka ce motar tana da garanti, wato in injin ya lalace a watannin farko, su za su gyara kyauta. Amma da sharaɗi: kada wani bakanike na waje ya sa mata hannu.

Kalmar nan garanti ta kwantar mini da hankali ƙwarai. Ban ma iya faɗinta daidai ba, amma ita nake tunawa in na ji faɗuwar gaba.

Wata Lahadi bayan sujada, maza suka kewaye motar suna shafawa. Baba Ishaya, dattijon ikkilisiyarmu, wanda ya tsufa a gyaran mota, ya matso yana murmushi.

Ya ce, "Bulus ɗana, buɗe mini in ga yadda Turawa suka shirya na bana."

Maigida ya ɗora tafinsa a kan murfin injin. Ya ce, "A'a Baba, wannan ba irin akwalar da kuke kwancewa ba ce. Garanti gare ta, ba a taɓawa."

Samari suka yi dariya. Baba ya janye hannunsa, ya goge shi a rigarsa, alhali hannun fes yake. Ya ce, "To, Allah ya tsare." Ni na ga wannan gogewar hannu, ta kuwa tsaya mini a rai.

Damina ta shigo. Ran nan sai ga motarmu a ƙofar gida, wata babbar mota ta jawo ta da igiya kamar akuya. Injin ya buga a kan tudun shiga Inugu, da lodin albasa a kai. Washegari maigida ya sa rigarsa mai kyau ya tafi kamfani. Akawunsu ya duba takardar motar, ya ɗaga kai ya ce masa, "My friend, garanti don finish." Ashe wa'adin ya cika a watan da ya wuce. Za su gyara, amma kuɗin da suka faɗa, ko da ya dawo gida bai iya maimaita mini ba.

Wayyo 'yan'uwa! Motar ta zauna a ƙofar gida har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Mutumin da yake waƙa yana wanka ya koma kurma. Majami'a ma ya daina zuwa.

Sai wata rana ya shigo da sabon akwatin ƙarfe a ka.

Na ce, "Baban Talatu, akwatin mene ne wannan?"

Ya ce, "Na ba da sunana wurin masu ɗibar leburori. Panya za ni."

Kun san Panya, tsibirin nan na tsakiyar teku inda ake kai maza aikin gonar koko. Shekaru ake yi. A layinmu akwai matar da mijinta ya tafi tana da ciki, yanzu yaron yana zuwa makaranta, uban shiru.

Ya ce, "Motarsu za ta tashi Litinin ta sama. Ke da yara zan sa ku a jirgin ƙasa ku koma gida wurin Inna."

Na ce, "Ka je wurin Baba Ishaya mana."

Ya dube ni. Ya ce, "Da wane ido, Maman Talatu? Da wane ido zan dube shi?"

Na kasa cin abinci. Nonona ya ragu, jaririn yana ja yana kuka, ni ma ina kuka. Duk inda na juya a ɗaki, akwatin nan yana kallona.

Ran nan da tsakar rana ina shanya, sai na ajiye kayan. Na durƙusa a inuwar motar, na rungume taya, ko kunyar masu wucewa ban ji ba. Na ce, "Yesu, ni ban san inji ba. Ban san Turanci ba balle in je in roƙi kamfani. Mijina kawai nake so kada teku ta raba ni da shi. In akwai abin da mace irina za ta iya yi, ka nuna mini."

Ban ji murya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma nan take na tuna da wata damina a ƙauyenmu da babana ya kwanta ciwo, ciyawa ta cinye gona. Mamata ta jiƙa dawa, ta kira gayya. Kun san yadda gayya take a gida: ba a bin mutum ɗaya a roƙe shi. A fili ake faɗa, kowa ya ji ya ɗauki fartanyarsa. Har wanda suka yi faɗa da babana a kan iyaka ya zo ya yi noma ya sha kunu, ba wanda ya tayar da zancen.

Na miƙe tsaye. Gayya! Ai ba sai maigida ya je ya dubi idon kowa ba.

Ranar Lahadi, da aka zo sanarwa, na tashi tsaye. Ni! Ga goyo yana zamewa. Na ce, "Ina kiran gayya ranar Asabar a gidanmu."

Fasto ya ce, "'Yata, gona kuka yi a Fegge?"

Na ce, "A'a Baba, mota ce. Akwai kunu, akwai tuwon acca."

Majami'a ta kwashe da dariya, har na so ƙasa ta buɗe. Sai na ji muryar Baba Ishaya daga gaba: "Accar gida ce ko ta kasuwa?"

Na ce, "Ta gida ce, Baba, mamata ta aiko."

Ya ce, "To a ajiye mini ƙanzo."

Da na gaya wa maigida, ransa ya ɓaci. Ya ce na tona masa asiri a bainar jama'a. Na ce, "An riga an kira. Ka taɓa jin an soke gayya?" Ya sa kai ya fita.

Asabar da safe sai ga mutane! Masu dako, masu gadi, malamin makaranta, mata da tukwane. Baba Ishaya ya iso da buhun sifanu a kafaɗa. Maigida yana tsaye jikin motar, kansa a ƙasa. Baba ya zo gabansa ya miƙa hannu wajen murfin, sai ya tsaya.

Ya ce, "Bulus, garantin ya yarda a taɓa ta yau?"

Maigida ya durƙusa zai yi magana. Baba ya ce, "Kai, tashi! A gayya ba a durƙuso sai a kan kunyar noma. Miƙo mini sifana."

Suka kwance komai, amma injin ya ƙi fitowa don nauyi. Malam Sule mahauci, maƙwabcinmu Musulmi, yana tsaye yana kallo da asawaki a baki. Ya ce, "Haba masu Yesu, haka za ku karya bayanku? Ku jira ni." Ya tafi mayanka ya dawo da sarƙa da ƙarafan nan uku da suke rataye bijimin sa in za a feɗe. Da su aka ɗaga injin, yana lilo a sama yana ɗigar baƙin mai. Malam Sule ya zagaya shi ya ce, "Wannan sa dai ba kitse."

Baba ya buɗe cikinsa a kan tabarmata. Ya ce wasu ƙarafa da suke kira metal sun narke, fistin ɗaya ya fashe, sauran da ransu. Ya san wani Ibo mai sayar da kayan mota da ke da irin motarmu wadda ta faɗi, zai je ya yi magana da shi. Amma aikin ba na kwana ɗaya ba ne.

Nan fa tsorona ya dawo sabo. Rana ta faɗi, mutane suka watse, injin yana warwatse a kan tabarma, Litinin kuma jibi.

Litinin da safe maigida ya sa takalminsa. Ya jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado. Na jingina da bango, Talatu tana riƙe da zanena, bakina yana ta "Yesu, Yesu" ba sauti. Ya buɗe akwatin. Ya zazzage tufafinsa a kan gado. Ya ce, "Baba ya ce a samo abin zuba notuna, kada kaji su watsar."

Haleluya! 'Yan'uwa, na yi guɗa a cikin ɗaki har jaririn ya firgita!

Ɗan Ibon nan ya ba da kayan ba kuɗi, a kan maigida zai riƙa ɗauko masa ƙarafa daga Fatakwal. Kowace yamma Baba yana zuwa, su biyu a kan injin, kai da kai. Asabar ta gaba aka sake aro sarƙar Malam Sule aka mayar da shi. Aka murɗa makulli, shiru. Aka sake, ta yi tari ta mutu. Baba ya ce a tura. Maza suka tura, mata muka tuɓe takalma muka shiga, har matar Fasto. Muna kaiwa gangaren mayanka sai ta yi wata girgiza, ta tofa mana baƙin hayaƙi a fuska, ta ɗauka! Ta ɗauka! Muka bi ta da gudu muna waƙa, fuskokinmu kamar gindin tukunya, mahauta suna ɗaga wuƙaƙe suna mana barka.

Motar nan ita ce kuke gani a ƙofar majami'a kowace Lahadi, ba mai hana kowa taɓa ta. Har yanzu ina kasa kunne da safe in ji ko za ta tashi, halina ne. Amma yanzu na san wurin da zan kai tsoron.

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar da aka yi a jikin taya. Na gode wa Baba Ishaya, da Malam Sule, da duk wanda ya sha kununa. Ke 'yar'uwa da abu ya tsaya miki a ƙofar gida, kai ɗan'uwa da kunya ta rufe maka baki, ku dogara ga Ubangiji, ku faɗa a gaban jama'arsa. Akwatin da aka saya don Panya yana nan bayan kujerar direba cike da sifanu, mai shi kuma yana kwana a gidansa.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin!