Ƙararrawar Shan Kofi

A tashar mota ta garin Utuado, wasu tsofaffin mata biyu da ba su san juna ba suna zaune a benci ɗaya, ɗaya da sanda, ɗaya da lema.

Mai lema ta kira mai sanda da "Doña", wato uwargida, ta ce, "Ba a tsohuwar makarantar nan kike ba, wadda aka mayar gidan tsofaffi?"

"A can nake. Ɗakin 'yan aji uku aka ba ni."

"Mai taga wajen bishiyar mangwaro? Allah ya sawwaƙe mini. Da tsufana a riƙa kaɗa mini ƙararrawa in fito shan kofi kamar 'yar firamare?"

"Ai ke da ganinki kina da 'ya'ya. Ni ban taɓa haihuwa ba."

"Huɗu, duk suna can nesa, a birnin Orlando. Gidan sama suka gina mini."

"Kin ji daɗinki. Ni ko a Kirsimeti ba mai kirana a waya."

"Ku dai kuna ta buga wasan domino har la'asar. Ranar Alhamis kuma miyar kaza da ayaba, kuna shewa kuna hana mutane sakat."

"Ke kuwa ina kika san abincinmu na Alhamis?"



"Barandata tana kallon farfajiyarku. Na riga ki neman ɗakin nan, aka ce ba a ɗaukar mai 'ya'ya. In an kaɗa ƙararrawar ba ki fito ba, me ake yi?"

"A zo a ƙwanƙwasa mini ƙofa mana."

"To. Ni ranar da na faɗi a banɗaki, a ƙasa na wuni ina jin ƙararrawarku."