Shanyar Mai Shuɗiyar Taga

A wurin jiran tarago a Alfama, cikin Lisbon, wata tsohuwa ta tare wani mutum mai zagayawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido.

"Ɗan nan, kai ne kake tara mini mutane a ƙarƙashin taga kullum?"

"Wace taga, Iya?"

"Shuɗiyar nan. Sai ɗaukar hoton shanyata suke yi. Gajeren wandon mijina har Japan ya je, shi kuwa ko Porto bai taɓa takawa ba."

"Yi haƙuri, sun fi son shanyarki a kan cocin ma. Maigidan ne ya yi faɗa?"

"Wane faɗa? Ya daɗe da rasuwa."

"To, wa yake sa wandunan da kike wankewa?"

"Ina ruwanka? Haka zan bar igiyar tsirara?"

"Shi ke nan. Daga gobe ta layin baya zan bi da su. Akwai wata Dona Ermelinda, ita ma tana shanya."

"Ermelinda? Wadda zanen gadonta ya koma kalar shayi? Can za ka kai baƙi ka kunyata unguwa?" Ta gyara riƙon jakarta. "Gobe ka zo da hantsi. Masu jan ratsi zan shanya, sun fi fitowa a hoto."