Shagon Rahinatu Daga Tsallaken Titi

A tashar Parakou, ana jiran motar Djougou ta cika, Ukasha ya ga wani dattijo yana kallon kyamararsa, sai ya nemi shawara.

"Baba, kyamara ta biyu zan ƙara, ko dogon gilashi mai jawo nesa kusa?"

"Mu ga hotunan."

Dattijon ya duba. "Ai duk shagon ɗinki guda ne. Wace ce wannan 'yar mitsitsiya a kan keke?"

"Rahinatu. Shekara biyu ina ɗauka daga tsallaken titi, fuskar ba ta fita."

"Ta san ka?"

"Tukuna dai."

"To, ɗana, sayi goro, ka tsallaka ka gai da mahaifinta. Daga zaure fuskar za ta fita."

Ukasha ya yi godiya sosai. Washegari ya sayi dogon gilashin.