Ni da Idi mun bar tuwo ya huce

Assalamu alaikum mai gabatarwa, gaisuwa daga Matameye.

Karatuna na lakwal a aji uku ya tsaya, don haka 'yata ke karanta mini littafi. Na baya-bayan nan labarin aminai biyu ne, ɗaya ya zuba wa ɗaya guba a miya. Na yi hawaye, na ce hayaƙi ne.

To, ni da aminina Idi kwano ɗaya muke ci tun muna kiwon awaki. Yanzu jira nake ya fara. Jiya ya ce, "Bisimilla, sarkin ci." Na ce, "Kai ne babba." Sai ya naɗe hannu. Ashe 'yata ta ara wa gidansa littafin.

Jama'a, ku ba mu shawara, wa zai fara sa hannu?