Famfon da ke jikin Maliki

A tashar mota ta Daura, Nagoggo na zaune a benci, jikanta Maliki a jingine da ita. Wata mata a gefenta ta daɗe tana kallon hannun yaron.

"Inna, hannun nan shanyewa ya yi?"

"Yau na dama ne, wata rana na hagu. In ya yi barci ya farka, sai ya warware."

"Ikon Allah. Me aka ce a asibiti?"

"Likitan Kano ya ce kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da ɗan famfo, yana fitar da gishiri yana shigo da wani sinadari. Na cikin kan Maliki ne ke gardama."

"To a rage masa gishiri a miya mana."

"Na tambaya, ya ce ba ruwan miya. Tsarin da jiki ke bi ya ƙera famfon ne ya zo da kuskure."

"Gado ne ke nan. Wajen uwa ko wajen uba?"

Nagoggo ta gyara wa yaron hula. "An gwada jinin su biyun, babu. A kansa abin ya fara."

"Uwar tana ina?"

"Baure, gidan iyayenta. Da ana cewa daga danginta ne."

"Wa ke cewa?"

"Mutane."

Matar ta dubi turmin atamfa da ƙunshin goro a jakar tsohuwar. "Ashe biko za ki, Inna."

"Ni da girmana? Maliki na rako. Atamfar ma shi ya zaɓa."