Aljihu a Ƙafar Wando

"Baba, sauke jakar nan kafin ta kwantar da kai."

A bencin jiran likita ne. 'Yata na ciki, zazzaɓi ya dawo mata karo na uku tun da aka sa mata robar fitsari. Wata mata ce ke magana da wani tsoho da ya cusa jakar fitsarinsa cikin riga, ya rungume a ƙirji.

"Ke likita ce?"

"Tela ce. Amma shekara huɗu na yi jinyar maigidana da irinta. In jakar ta hau sama da mara, fitsarin komawa ciki yake yi, har da ƙwayoyin cuta."

"In bar ta tana reto, surukina na kallo? Gara zazzaɓin."

"Haka shi ma ya ce. Sai na ɗinka masa aljihu a ƙafar wando, ƙasan gwiwa, ba mai gani. Da masu ƙera robar nan sun tambayi masu sa ta, da sun san da kunya."

"Ya sa wandon?"

"Bai samu sawa ba, Baba."

Tsohon ya zaro jakar, ya sauke gefen ƙafarsa.

"Allah ya jiƙansa. Wandon na nan?"

"Yana nan. Sai dai ya fi ka tsawo."

"Ba kin ce ke tela ce ba?"

Ni kuwa duk sanda 'yan dubiya suka shigo, a kan cikin 'yata nake ɗora jakar, in rufe da bargo. Ban sani ba ko hannuna ne ya jawo mata zazzaɓin. Har yanzu likita bai fito ba.